Malam Falalu da Jan Madanni

Malam Falalu mutumin wani ƙauye ne a bayan Ringim. Ya shigo Kano yana saurayi, ya fara da ban ruwan furanni a gidan Hajiya Aishatu, wadda duk layinmu a Nassarawa GRA ke kira Gwaggo. Da maigidanta ya rasu, 'ya'ya suka kama gabansu, sai ta mayar da gidan masaukin baƙi. Falalu ya tashi daga lambu ya koma bakin ƙofa, daga nan ya koma kantar karɓar baƙi, a nan furfura ta same shi. Iyalinsa na Tudun Murtala, amma azahar da la'asar tare muke yi a masallacin layi.

Ba mai yawan magana ba ne. Idan baƙo zai danna lambar sirrinsa a na'urar POS, Falalu kan juya ya kalli mangwaron tsakar gida ta taga, kamar yau ya fara ganinsa. Ya ga abubuwa da yawa a kantar nan, bai taɓa kawo mana ko ɗaya masallaci ba. Wannan ma da zan faɗa, sai bayan rasuwar mai shi ya buɗe baki.

Mai shi shi ne Malam Badaruddeen, tsohon hedimasta daga Gumel. Ciwon ido ke kawo shi Kano ganin likita a kai a kai, kuma a masaukin Gwaggo yake sauka tun zamanin da fansho ke da auki. Zamani ya juya, kuɗin ɗaki ya yi sama, fansho ya tsaya inda yake. Malam bai lura ba, ko kuma ba a bar shi ya lura ba.

Wani tsohon ɗalibinsa, wanda ya zama babban mutum a nan Kano, ya sha roƙonsa ya riƙa sauka a gidansa, Malam ya ƙi. Wata rana ɗalibin ya ja Falalu gefe.

"Duk zuwan da zai yi, ni zan biya," in ji shi. "Amma kada ya ji. Ka san halinsa. In ya ji, ya daina zuwa, idon kuma ya tafi."

Falalu ya yi alkawari. Daga ranar, idan Malam zai tafi, yakan ciro katinsa daga aljihun babbar riga ya miƙa. Falalu ya sa a na'ura, ya faɗi tsohon farashi, ya juya ga mangwaro. Malam ya lalubi lambobi ya danna. Sai Falalu ya juyo, ya ɗora babban yatsa a kan jan madannin da ke soke ciniki, ya ce, "Ya wuce, Malam."

"Madalla. Ni ba na kwana da haƙƙin kowa," Malam zai ce, ya gyara hula.

Haka aka yi shekaru.

Bara jikar Gwaggo, Najla, ta gama karatun kwamfuta ta karɓi ragamar masaukin. Yarinya ce mai ladabi, ba ta wuce Falalu ba ta rusuna ba. Ta kawo wata manhaja mai ƙirƙirarriyar basira, wadda ke amsa wa baƙi a waya da Hausa da Turanci, ta kama musu ɗaki, ta tuna musu ranar zuwa. Ma'aikata suka sa mata suna Wakili. Katin baƙo kuwa, sau ɗaya ake shigar da shi wata ma'ajiya da ke hannun wani kamfani, a kulle. Ranar tafiya Wakili ya nemi ma'ajiyar ta cire kuɗin, shi ke nan.

"Baba Falalu, ko ni ba na ganin lambar katin," in ji Najla. "Wakili ma ba ya gani. Alama kawai ake ba shi ya nuna."

"To, ashe shi ma yana kallon mangwaro," in ji Falalu.

Ta yi dariya. Shi bai yi ba sosai, domin ya tuna Malam Badaruddeen. Ya sha zuwa ƙofar ofishinta da niyyar faɗa mata, sai alkawarin ya riƙe masa harshe, ya ɓige da maganar man janareta. A ransa kuma ya ce duk na'urar da aka ƙera ba ta rasa jan madanni, in lokaci ya yi zai nemo shi.

Malam ya zo a ƙarshen damina. Wannan karon mijin 'yarsa, Nura, shi ya tuƙo shi. Najla da kanta ta tarbe su, ta yi musu bayanin sabon tsari. Malam ya ji daɗi, ya ce ilimi ke nan. Ya miƙa katin, aka shigar da shi ma'ajiya a gaban Falalu. Falalu ya duba allon sama da ƙasa, bai ga ja ba. Ya ce wa kansa gobe kafin su sauko zai san abin yi.

Wakili bai jira su sauko ba. Da safe, suna cikin karin kumallo a baranda, wayar Malam ta yi ƙara. Tunda ba ya iya karanta ƙananan rubutu, sai ya miƙa wa surukinsa. Nura ya fara karantawa da ƙarfi kafin ya fahimci abin da yake karantawa. Saƙon ya gaishe da Malam da ladabi, ya yi masa fatan samun lafiya, ya ce an nemi kuɗin ɗaki daga katinsa amma abin da ke ciki bai isa ba, ko yana da wani katin.

Akwai wasu baƙi a teburin gefe. Cokula suka tsaya.

Malam ya tashi ya nufi kanta da sandarsa, Nura na biye da shi kansa a ƙasa.

"Falalu, wannan sabon ma'aikacin naku bai san ni ba. Gaya masa da katin nan nake biya tun ba a haifi mai shi ba."

Najla ta fito da sauri. "Yi haƙuri, Baba, bari in duba." Ta duba allon, ta ɗan yamutsa fuska. "Ai dama ba da katin nan ake biya ba. Kullum daga wani asusu ake turo..."

Falalu ya yi tari. Ta ɗago ta ga fuskarsa, amma maganar ta riga ta fita.

Malam ya dogara da sandarsa. Ya daɗe a tsaye yana fuskantar Falalu da idanun nan nasa masu hazo. Falalu ya ce mini a ranar ya nemi mangwaron ya kalla, wuyansa ya ƙi juyawa. Nura ya sa hannu a aljihu zai ciro nasa katin, Malam ya ce, "Bari," ba tare da ya waiwaya ba. Ya ce a kai jakarsa mota.

Gwaggo ta ji labari kafin azahar. Ta kira Falalu falonta.

"Kai da an ce ka yi shiru sai ka yi har da mu? Da ka ce wa yarinyar nan ɗakin Malam na wani ne, ai da katin wancan za ta sa, ba wanda zai ji."

"Haka ne, Hajiya."

"Haka ne, Hajiya," ta kwaikwaye shi. "Tashi ka ba ni wuri. Ka tsufa kana rufa asiri, yau ka yaye shi a gaban suruki."

Najla ta gyara tsarin a ranar, tana share hawaye. Amma lokacin ganin likita ya zo ya wuce, Malam bai zo ba. Na gaba ma haka. A kwanakin nan Falalu ya daina tsayawa hira bayan salla, yana sallamewa sai ya ɗauki takalmansa.

Wata Asabar ya hau mota zuwa Gumel. Ya sami Malam a zaure a kan buzu, rediyo a gefensa. Suka gaisa, suka yi maganar amfanin gona da tsadar taki, aka kawo fura. Falalu ya kasa sha, ya kuma kasa fara abin da ya kawo shi. Sai da ya yi haramar tafiya Malam ya ce:

"Wane ne?"

"Na yi alkawari, Malam."

"Ɗalibina ne?"

Falalu ya kalli tabarma.

"Ya san na sani?"

"Bai sani ba. Yana dai tambaya me ya hana ka zuwa."

Malam ya shafa kan sandarsa. Can ya ce, "Yaron ya ɓoye abinsa don kada in ji kunya. In na daina zuwa, zai gane. To, kada ka gaya masa muddin ina raye. Ka iya wannan ai."

Malam ya dawo a zuwa na gaba, shi kaɗai, a motar haya. Wakili bai sake aiko masa da komai ba sai gaisuwa da tunin ranar likita. Da safen tafiyarsa ya tsaya a kanta, ya ciro katin daga aljihun babbar riga ya miƙa. Tsohuwar na'urar tana cikin durowa, ba ko caji. Falalu ya ciro ta ya sa katin, ya juya ga taga. Malam ya danna lambobinsa a hankali.

"Ya wuce, Malam," in ji Falalu, muryarsa can ƙasa.

"Madalla," in ji Malam. Bai ƙara da zancen nan nasa na haƙƙin kowa ba.

Haka suka ci gaba har Allah ya karɓi ransa bayan ƙaramar salla. Falalu na nan a kantarsa. Najla ta ce a jefar da tsohuwar na'urar, ya ce a bar ta tukuna.