Kuɗin Idon Inna Dije

Ƙarar ƙarfe nake fara tunawa. Mai sayar da gas yana wucewa a kan keke ta ƙarƙashin taga, yana buga sifana a jikin tukunya, tan-tan, tan-tan, a daidai lokacin da Inna Dije take kwance bakin zaninta. Ta zaro wata baƙar leda mai kuɗin aikin idonta, ta laluba har ta sami hannuna, don ba ta gani sosai, ta danƙa mini.

"Ungo, 'yar nan. Ke kika san bakinsu. Ki kai wa likita."

Safiyar wata Talata ce a unguwar Hay el-Sabi' ta Alƙahira, a ɗakin da na kama musu haya ita da 'yarta Anti Rabi.

Shekara biyu kafin wannan safiya ni yarinya ce mai shiru-shiru. Na zo Alƙahira da tallafin karatu ina nazarin adabin Larabci. Ina da wani littafi mai koren bango da nake rubuta baitoci a ciki, kuma na fi son in zauna a bakin Nilu ina kallon jiragen ruwa a kan in shiga hira. Ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba.

Abu ɗaya na taho da shi daga gida wanda ban san nauyinsa ba. Ina shekara goma sha biyu mahaifina ya karye a kasuwar atamfa. Kullum da safe sai ya sa babbar rigarsa mafi kyau ya fita kamar mai zuwa shago, alhali shagon ya tafi. Umma takan ɗora ruwa a wuta don maƙwabta su ga hayaƙi. Masu gaishe shi a durƙushe suka koma ɗaga masa hannu daga nesa. Har yau ba a taɓa furta kalmar karyewa a gidanmu ba.

A shekarar 2011 gari ya rikice da zanga-zanga, aka rufe makarantu, kuɗin tallafi ya yi ta jinkiri. Sai na fara aikin da ɗalibai da yawa suke yi, wato tafinta ga marasa lafiyar da suke zuwa daga gida neman magani. In tarbe su, in kama musu ɗaki, in canza musu dala, in tsaya tsakaninsu da likita. A wannan zirga-zirga na haɗu da Ihsan, Bahaushiyar Sudan da ke zaune a unguwar Ard al-Liwa. Aikinta rabon karta ne a wani gida a unguwar Dokki, inda ake caca irin wadda suke kira foka. Saboda dokar hana fita, daga la'asar suke zama su tashi kafin isha'i. Ta ce in raka ta in sha shayi kawai.

A ranar da na raka ta na ga wani dattijo, Ammu Fathi, ya tura duk kwabban robar da ke gabansa, waɗanda ke matsayin kuɗi, tsakiyar tebur, aka cinye. Na runtse ido don kada in ga fuskarsa. Sai na ji dariya. Ya miƙe ya zazzago aljifansa waje.

"Khalas, shi ke nan, na karye! Karo na nawa ke nan, ya Ihsan?"

"Na daina ƙirge, ya Ammu."

"Wanda bai taɓa karyewa ba ai bai fara wasa ba. A kawo mini shayi, a rubuta kuɗin a kan wanda ya yanka ni!"

Aka tafa masa. Wani ya tura masa kwabbai ya ce ya ci gaba, in ya ci su raba. Na tuna babana da rigarsa, hawaye ya cika mini ido. Ba kuɗi ne ya ja ni teburin nan ba, wannan dariyar ce. Na ɗauka na sami mutanen da suka fi mu hankali, waɗanda babu ba ta ƙasƙanta su.

Akwai abin da ban lura da shi ba sai daga baya. Ammu Fathi yana da fansho da gidaje biyu na haya. Aljihunsa ne yake karyewa, ba shi ba. Waɗanda suka karye da gaske kuwa daina zuwa suke yi, a cike kujerarsu, ba a sake ambaton sunansu.

Da kuɗina na fara. Da suka ƙare na fara rage wani abu a canjin dalar marasa lafiya. Daga nan na fara ɗaukar kuɗin wani na wuni guda in mayar kafin a nema. Sau biyu na mayar, har da riba, na ce a raina ai aro ne. Littafin baitocina ya yi wata bakwai ban buɗe shi ba.

Inna Dije ta zo a 2013. Idonta na hagu ya riga ya mutu, na dama ne ake son cetowa, kuma likita ya ce kada a wuce sati biyu ba a yi aiki ba. Ni na fassara mata wannan da bakina. Tana kirana jikarta, tana ajiye mini ƙanzon tuwo, tana tsokanata wai karatu ya sa na rame kamar sillen kara.

Ranar Talatar na shiga mota zuwa Dokki da niyyar canza kuɗin in wuce asibiti. Na canza. Sai na ce bari in leƙa in gaida Ihsan. Na ce wa kaina mutanen da suka iya zuwa Masar neman magani ai masu hali ne, ko da wani abu ya faru za a sake aikowa. Kafin magariba babu ko gine ɗaya, fam ɗin Masar, a ledar.

"Ma'alish, ba komai, ya Nijeriya," in ji Ammu Fathi. "Yau kin zama 'yar gida."

Aka tafa mini. Na yi dariya kamar yadda na ga ana yi. Dariyar ta raka ni har bakin matakala, a nan ta bar ni.

Ihsan ta biyo ni ta riƙe mayafina. "Kuɗin wane ne?"

"Nawa ne."

"Ƙarya kike yi. Je ki faɗa musu yau ɗin nan, tun da sauran kwana."

Da sauran kwana tara. Da na faɗa, da ɗalibai sun yi karo-karo kamar yadda suka saba yi wa wanda ya shiga uku, ko a kira gida a san abin yi. Amma na kasa. A teburi na koyi raina asara, a gida na koyi ɓoye ta, sai na haɗa biyun a kaina. Na ɗauki tsohon rasit na wani mara lafiya, na kai shagon buga takardu aka sauya suna da kwanan wata, na miƙa wa Anti Rabi. Ta sa a jaka ta yi mini addu'a. Kwana taran nan na ƙare su ina neman wanda zai ba ni jari in koma teburi. Babu wanda ya ba ni.

Ranar aiki Inna ta ɗaura sabon zani, ba ta ci komai ba kamar yadda aka umarta. Matar da ke karɓar takardu ta duba rasit, ta duba na'ura, ta kira wani, wanin ya kira 'yan sanda. Ana ta ɗaga murya da Larabci a kanmu. Inna ta juyo da fuskarta wajen da take jin numfashina.

"Me suke cewa ne? 'Yar nan, fassara mini mana."

Babu mai jin harsunan biyu a wajen sai ni.

"Inna, cewa suke takardar ta ƙarya ce. Ba a biya ba."

"To ina kuɗin?"

"An cinye su a caca. Ni na kai."

Ba ta zage ni ba. Ta ce, "Rabi, kama hannuna, ƙafata ta gaji."

Asibitin ne ya shigar da ƙara saboda hatiminsa da aka yi jabu. Na yi shekara ɗaya da rabi a gidan yarin mata. Ba zan ba da labarin ciki ba, sai dai in ce sanyin Masar yana shiga ƙashi idan kana kwance a siminti. Ihsan ta zo sau ɗaya da lemo. Daga masu tafa mini babu wanda ya tambayi inda nake. A 2015 aka sake ni, aka wuce da ni filin jirgi, karatu ya tafi. Babana ya tarbe ni a Kano. Sai da muka kusa gida ya yi magana, yana kallon titi: "Ni da abin ya same ni, nawa na rasa."

Na tuba, ina kuma kan tuba. Ku ƙannena, musamman masu fita karatu waje, ku ji ni. In kun ga mutum yana dariyar asara, ku tambayi abin da ya bari a gida kafin ku kwaikwaye shi. Kada ku zauna a teburin nan ko don shan shayi. In kuma aljihu ya bushe, ko kun taɓa abin da ba naku ba, ku buɗe baki a ranar, ga wanda abin ya shafa. Kunyar awa ɗaya ce na guje wa.

Sai bayan shekara shida na iya neman lambar Anti Rabi. Da na kira, ta gaya mini. Kuɗin na gonar da Inna ta sayar ne, ita kaɗai ce gare ta, babu wani mai aikowa. Sun koma ba a yi aikin ba, idon ya rufe kafin damina. A cikin jirgi Inna ta sa Anti Rabi ta rantse ba za ta faɗi abin da ya faru ba, wai yarinyar tana da iyaye kuma ba ta yi aure ba. Har ta rasu, duk wanda ya zo dubiya cewa take yi likitan Masar ne ya duba ya ce an makara.