Kwamfutar Rabon Taki da Sunan Yayana

Jama'a, wallahi wannan a kaina ya faru, ba ji na yi ba. Ƙarshen shekarun tamanin ina aiki a wani ofishin gona a Funtua, aka kawo mana kwamfuta don rabon taki, ni ke buga mata sunayen manoma. Injiniyanmu Mista Emeka, haifaffen garin ne, yana jin Hausa kamar jakin Kano, shi ya saita ta yadda in ta yi tuntuɓe ba za ta tsaya ba, sai ta buga kuskuren a takarda ta wuce, da yamma mu duba mu gyara. Yawanci shirme ne, Musa biyu a ƙauye ɗaya, irin wannan.

To akwai wani kuskure da take bugawa jefi-jefi da Turanci, ma'anarsa wai babu wannan mutumin. Mu duba, suna na nan daram, mai sunan ma yana kan layi. Na farko wani dattijo ne daga Dandume, ya rasu bai ga kakar shekarar ba. Na biyu ma haka. Direbanmu ya ce ai ganyensu ne ya faɗi, na'urar ta riga mu gani. Na ce ya daina saɓo.

Sai rannan ta buga sunan yayana Lawal, uwa ɗaya uba ɗaya. Innalillahi! Emeka ya bincika iya bincike ya ce, "Malam, ni fa ban ga matsala ba." Na hau babur sai Mahuta inda yake zaune, tsoro ya cika ni, ina ta saƙa in faɗa ko in yi shiru. Na same shi yana huɗar masara, garau, na daure na faɗa masa. Ya tuntsire da dariya.

"Kai da bokonka! Ƙarfe ne zai san ajalina?"

Amma da la'asar ya je ya shirya da maƙwabcin da suka daɗe suna gaba kan iyakar gona. Kafin masarar ta nuna muka kai shi makwancinsa, zazzaɓi ne na 'yan kwanaki.

Manajanmu da ya ji sai ya sa aka toshe bugun kuskuren gaba ɗaya. Daga nan ta riƙa tsallake suna shiru, sai dai manomi ya zo yana faɗa wai an cinye masa taki, ni kuwa in kasa kallon idonsa.

Har yau ban san mene ne ba. Ni dai shawarata, in na'ura ta ce ba ta ga mutum ba, kada ku rufe mata baki, ku je ku gaishe shi.