Ƙarfen da Aka Kafa a Gonar Inna

Wata Talata ce bayan an gama ɗaurin gero, shekarar da na shiga aji biyu a lakwal, wato makarantar boko. Ina bakin rijiya ina korar jakinmu, sai ga motoci uku sun ɓullo ta hanyar Belbeji, ta gaba da lasifika a kanta tana ta kiɗa. Rijiyar garinmu kuwa zurfi gare ta ba na wasa ba: sai jaki ya ja igiya ya yi nisa har ka daina jin muryar mai karɓar guga, sannan ruwa ya iso baki. Aikina ke nan kowace safiya, shi ya sa kullum nakan tarar an daɗe da shiga aji, har mushe, malaminmu, ya gaji da yi mini faɗa.

Ashe ɗan takarar depite ne, wato ɗan majalisa. Aka shimfiɗa tabarmi a gindin aduwa, maroƙinsa ya yi kirari har muryarsa ta dushe, shi kuma ya miƙe ya yi ta bayani yana jefa Faransanci. Mu dai kalma ɗaya muka riƙe, foraj, wato rijiyar famfo. Aka raba wa maza sukari da ganyen shayi, mata suka sami zane mai hotonsa. Da zai tafi ya ce a nuna masa wurin da za a haƙa ta. Baba, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai saurin yarda, ya kai shi 'yar gonar Inna ta bayan gida, inda take shuka kuɓewa da yakuwa. Nan aka buga dogon ƙarfe, aka ɗaura masa ƙyalle, aka shafa fatiha.

Lokacin Inna na da tsohon ciki. Baba ya ce mini, “Mariama, ki ɗan dakata da lakwal ki taya uwarki ruwa. Wata uku ne, da famfo ya zo sai ki koma.” Da damina ta faɗi Inna ta ɗauki irinta, Baba ya hana. Ta ce, “Malam, miyar bana fa?” Ya ce ai wurin ya zama na gwamnati. Damina uku muna roƙon kuɓewa a maƙwabta. Mu yara har wasa muka mai da abin: ɗaya ya hau turmi ya ce zai kawo foraj, saura mu yi guɗa, ya raba mana tsakuwa a matsayin sukari.

Da wani zaɓen ya zagayo, wani ɗan takarar ya zo, maigari ya kai shi wurin ƙarfen nan dai, aka kwance tsohon ƙyalle aka ɗaura sabo mai wani launi. A shekarar Inna ba ta tambayi kowa ba, ta shuka kuɓewarta har gindin ƙarfen. Ni kuwa na riga na yi wa aji biyu tsawo, allona ya zama murfin tulu.

Zaɓen baya da aka yi ko ƙafar 'yan takara ba mu gani ba, a waya suka riƙa turo mana murya. Wallahi har na yi kewar kiɗan da guɗar, da yadda muka yarda da zuciya ɗaya. Ƙarfen yana nan, jaki muke ɗaurewa a jikinsa. Autata ce ke korarsa yanzu, amma sai ta dawo daga lakwal. Ruwa ya jira, mun saba.