Ranar da Maryamu Ta Yi Goyo

A wata Asabar ta watan Disamban 1976, bayan mun gama share majami'ar ƙauyenmu da ke kusa da Kagoma, Malama Naomi, mai koyar da mu a makarantar Lahadi, ta jawo wani kwali daga ƙarƙashin benci ta ce mu matso. Shekarata goma sha ɗaya a lokacin, kuma a ranar ne ta sanar cewa ni zan fito a Maryamu a wasan Kirsimeti. Ta zaro wani shuɗin yadin nailan mai sheƙi ta yafa mini a ka. Yana warin kafur, yana manne wa gashin hannuna, ina motsawa sai ya zame ya faɗi. Ta ɗauka ta sake yafawa, ya sake zamewa, yara suka kwashe da dariya. Sai ta fito da jaririn, wato 'yar tsanar roba fara sol mai shuɗayen idanu da ke rufewa in an kwantar da ita. Daga ƙarshe ta ɗaga wani hoto da ya zo cikin kwalin daga ƙasar Turawa, na wata doguwar mace mai siririn hanci ta rungume yaro a ƙirji. "Briskila, dubi nan da kyau. Haka za ki tsaya, haka za ki riƙe shi," in ji ta. Na ce to, na ruga gida ina tsalle don in ba kakata labari.

A waɗancan shekarun kuwa kayan waje sun shigo mana ta ko'ina. Jirgin ƙasa yana sauke dilolin gwanjo a Kafanchan, ranar kasuwa a yanka igiya, mutane su rufa a kai har da ture-ture. Samarin ƙauyenmu da suka je birni suka dawo da wando mai faɗin ƙafa da ke share ƙasa, da takalmi mai tudu wanda ba ya shiga kunyar doya. 'Yan mata suka fara toya gashi da ƙarfe mai zafi, wasu suka kifa hular gashi. Akwai wani maƙwabcinmu da ya samu kwat mai gashi a wuya, irin ta ƙasar ƙanƙara, yana zuwa sujada da ita cikin zafin bazara, gumi na tsiyaya, amma ko kusa ba ya cirewa. Mu yara muna yawo da riguna masu rubutu a ƙirji wanda ba wanda ya san abin da yake cewa. Kada a ce ina zagi, ni ma ina son su, har kuka na taɓa yi a kan wata jar riga mai hoton jirgin ruwa. Babana, wanda malamin firamare ne kuma dattijo a ikilisiya, ba ya fita ranar Lahadi sai da kwat da nakatai.

Mutum ɗaya ce a gidanmu duk wannan bai dame ta ba, ita ce Kaka, mahaifiyar Baba. A ɗakinta nake kwana, ni nake ɗebo mata ruwa a rafi, in kai wa aladunta dusa, mu zauna tare a kan falalen dutse muna tsaga citta muna shanyawa har yatsunmu su yi yaji. Tana da wani zanen saƙi mai ratsin baƙi da fari, mai kauri, wanda hayaƙin ɗaki ya riga ya kama. Da tana budurwa ganye take ɗaurawa kamar sauran matan zamaninta, kuma ba ta taɓa jin kunyar faɗin haka ba. Bayan ta yi aure ne ta shuka auduga a bayan rumbu, ta gurje, ta kaɗe da mazari damina da rani, ta kai wa masaƙi, aka rina rabin zaren a marina. Shi ne zanen farko da ta mallaka a duniya. Da shi ta goyi Baba da ƙannensa duka, da shi ta goye ni lokacin da Mama ke gonar acca. In ta wanke shi, a kan reshen ɗorawa take shanyawa, ta zauna tana gadi don kada akuya ta tauna.

A kan wannan zane ne Kaka ta daina shiga majami'a. Shekarar da zumuntar mata suka yi anko na atamfa, ta je sujada da saƙinta kamar kullum, ta zauna a bencin gaba inda ta saba. Aka zo ɗaukar hoto, wata daga cikin shugabannin mata ta raɗa mata cewa ta ɗan koma baya don kada ta ɓata layi. Kaka ta tashi, ta wuce bencin baya, ta wuce ƙofa, ta yi gida. Fasto ya zo ban haƙuri, Baba ya yi magiya har ya gaji. Amsarta ɗaya ce kullum: "Tun da Allah ya koma son atamfa, ku gaishe shi." Ba ta bar addu'a ba, ina jin ta kowace asuba da yarenmu, amma ƙafarta ba ta sake taka majami'a ba.

Da na ba ta labarin wasan, na kwatanta mata yadda zan rungume jariri mu gudu Masar, sai ta ajiye wuƙar citta ta dube ni. "Gudu? Da yaro a hannu? Wace irin uwa ce wannan? In ta yi tuntuɓe fa? Da wane hannu za ta ɗauki tulu?" Na ce haka yake a hoto. Ta yi tsaki ta ce wanda ya zana hoton bai taɓa gudu da yaro ba. Ban san abin da ya shiga kaina ba, sai na ji bakina ya ce, "Kaka, in na goya shi da zanenki, za ki zo ki gani?" Ta ɗauki wuƙarta ta ci gaba da tsaga citta. Can ta ce in dai zanenta zai hau gaban majami'a, to ita ma za ta zo. Na ce na yi alkawari.

Ban tafi da niyyar ɓoye-ɓoye ba, Allah ya sani. Ranar gwaji na gaba na ɗauki zanen na kai wa Malama Naomi, na durƙusa na roƙe ta. Ta ɗaga shi da yatsu biyu, ta kai hanci, ta yatsina fuska. Ta ce Maryamu ba ta goyo, ta tambaye ni ko na taɓa ganin hoton da ta yi goyo. Ta ce za a yi baƙi daga Kafanchan, ba za ta bari a ce 'yan ƙauye sun mai da wasan Kirsimeti abin dariya ba. "In na sake ganin wannan tsumman a nan, Saratu ce za ta fito a Maryamu." Saratu kuwa, 'yar ajinmu, tana gefe tana murmushi, don tun farko ita ta sa rai. Tsumma! Haba, zanen da ya goyi dattijon ikilisiya shi ne tsumma, yadin da ko a ka ba ya iya zama shi ne kayan tsarki? Na naɗe abina na fita.

Kwanakin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba. Ina son zama Maryamu, ina so ƙwarai, duk yarinyar ƙauyen nan tana so. In 'yan mata suna gaɗa da yamma a dandali, ni ina zaune a bakin turmi ina saƙe-saƙe. Na gwada shafa wa Baba maganar, ya ce in bi abin da malama ta ce, ya ci gaba da goge takalminsa. Kaka kuwa ba ta sake tayar da zancen ba, sai dai na ga ta wanke zanen, ta buga shi da taɓarya a kan dutse har ya yi laushi, ta kuma sa aka yi mata kitso. Da na ga kitson nan na san ba ni da hanyar komawa baya.

Malama da kanta ta ba ni dabara ba da saninta ba. Ta ce a fitowar farko in cusa tsummoki a ƙarƙashin farar rigata don a ga alamar ciki. To, ai ita ta ce zanen Kaka tsumma ne. Da safen Kirsimeti na naɗe shi tam na ɗaure a cikina, na rufe da riga, na yafa shuɗin nailan. Majami'a ta cika maƙil, har ta taga ana leƙe. Baƙin Kafanchan suna gaba da kwat da leshi. Da aka ja labule na ɗaga ido, sai ga Kaka can a bencin ƙarshe kusa da ƙofa, ta yafa wani tsohon mayafi, ta zauna a gefen benci kamar mai shirin tashi. Bayan an haifi yaro aka rufe labule, na zare zanen da sauri na tura ƙarƙashin ciyawar komin da aka kwantar da 'yar tsanar. Makiyaya suka zo suka tafi, masana suka kawo kyautai, ni dai idona yana kan komin.

Sai mala'ika ya ce mu tashi mu gudu. Bulus, yaron da ya fito a Yusufu, ya miƙo mini hannu kamar yadda aka koya mana. Na ture shuɗin yadin ya faɗi ƙasa, na sunkuya, na cilla jaririn a bayana, na jawo saƙin daga cikin ciyawa na yafa, na ɗaure a ƙirji. Ta gefen ido na hango Malama a bayan labule tana yi mini alama da hannu, fuskarta kamar za ta fashe. Ban kula ta ba, na gyara tsayuwa na dubi jama'a ido cikin ido. Can daga baya wata guɗa ta tashi, siririya, mai rawa, wadda na san ta tun ina cikin tsumma. Kaka ce. Ta taso ta biyo tsakiyar majami'a da sandarta, ta wuce matan anko, ta wuce baƙin Kafanchan, ta wuce Baba, ta hau inda muke. Ta kama ɗaurin da na yi ta kwance, ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ba haka ba. Yaron zai faɗi." Ta tura 'yar tsanar sama, ta ja zanen ta matse, ta soke, ta buga mini baya. "To, yanzu ku gudu."

Kai, ranar na ji guɗa! Tsofaffin mata suka ɗauka gaba ɗaya, har da wasu masu ankon. Wasu suna dariya, wasu suna share ido, wasu kuwa sun ɓata rai, ba zan ce kowa ya ji daɗi ba. Ni da Bulus muka zaga majami'a da gudu, yaro a bayana ko motsi bai yi ba. Da muka dawo, Kaka tana zaune a bencin gaba, a wurinta na da, ba wanda ya ce ta matsa. Baba ya sunkuyar da kai yana ta jujjuya nakatai ɗinsa, ban san ko fushi yake ko wani abu dabam ba, kuma har ya rasu bai gaya mini ba.

Na biya kuɗin abin da na yi da jikina. Malama ta ja kunnena har ya yi zafi, ta cire ni daga ƙungiyar mawaƙan yara, kuma ban sake fitowa a wani wasa ba har na bar ƙauyen. Shekarar da ta biyo Saratu ta zama Maryamu, da shuɗin nailan, da jariri a ƙirji. Baba ya tasa ni gaba zuwa gidan Malama in ba ta haƙuri. Na durƙusa na ce ta yafe mini ɓoyewar da na yi. Ta ce, "Goyon fa?" Na yi shiru. Baba ya ce in amsa, na sake yin shiru, har dai suka gaji suka ƙyale ni. Yau ba na riƙe da Malama a zuciya, abin da aka aiko mata a kwali shi ta sani. Amma haƙurin goyon nan ban bayar ba, kuma ba zan bayar ba. Kaka ta ci gaba da zuwa sujada kowace Lahadi da saƙinta a bencin gaba, har ƙafafunta suka kasa.

Yanzu in na shiga kasuwar Kafanchan sai in ga yadi mai ratsin baƙi da fari jibge a shaguna, an buga shi da inji a wata ƙasa mai nisa, ana kiransa kayan gargajiya. 'Ya'yan waɗanda suka ce Kaka ta koma baya su ne ke ɗinka shi su yi anko ranar bikin al'adu, ga shi shara-shara, ko ɗan akuya ba zai riƙe ba. Ba wanda ke shuka auduga a bayan rumbu, mazari kuwa jikokina ba su san shi ba. 'Yata ta zo kwanan baya da jaririnta rataye a ƙirji cikin wata jaka mai maɗauri, ta ce haka ake yi yanzu a ko'ina. Ban yi mata musu ba. Na buɗe akwati na ɗauko zanen Kaka, ya koɗe, gefensa ya fara zarewa, amma har yanzu in na kai hanci ina jin hayaƙin ɗakin nan. Na karɓi yaron na aza a baya, na ja na matse yadda aka nuna mini a gaban jama'a. Kafin in kai bakin ƙofa ya yi barci, kuma bai faɗi ba.