Sai Inna Ta Duba

Auta dai ko kaza bai iya zanawa ba. Shi nasa rubuta labari: ya tsara abin da zai faru a kowane shafi, abokin aikinsa mai zane ya fitar da hotuna, sannan a zuba maganganu cikin 'yan da'irorin da ke saman kawunan mutane. Da wannan sana'a ya yi aure, ya aurar da 'ya, har furfura ta fito masa, amma a gida har gobe Auta ne.

Ƙa'idarsa ɗaya ce tun littafin farko. Kafin a sa ko kalma guda, sai ya kai wa mahaifiyarsa, Inna, shafin. Inna ba ta yi karatu ba, hoto kawai take bi. In ta faɗi labarin daidai, shafi ya yi. In kuwa ta ce, "Shi wannan dariya yake ko ciwon ciki?" to mai zane ya shiga uku, sai sakewa.

Bana ne abin ya fara ba shi tsoro. Kowane shafi ya kai, sai Inna ta yi kuskure: ta kira ɗan sanda tela, ta ce da kare akuya. Auta ya dinga zazzaga wa mai zane masifa, har ran nan bawan Allah ya ajiye alƙalami ya ce, "Malam, zanena lafiyarsa ƙalau. Ka dai duba idon tsohuwa."

Ranar ko abinci bai iya ci ba. Wallahi ya fi son a ce hannun abokinsa ne ya lalace, ko shi ne kansa ya daina ja.

Da safe ya zaro littafinsu na farko, ya same ta a bakin taga inda haske ya fi yawa. Ya miƙa mata.

"Inna, ɗan duba min wannan."

Ta shafa yagaggen bangon, ta yi murmushi, ta buɗe. Tiryan-tiryan ta kawo labarin: ga direba ya faɗa kwata, ga matarsa ta riƙe ƙugu. Har da kwaikwayon murya! Hankalin Auta ya fara kwanciya, ya matso zai nuna mata wani wuri. Sai ya ga littafin a juye yake a hannunta, mutanen ciki duk ƙafafu a sama.

"Na faɗa daidai ko, Auta?" Ta ɗago, tana kallon gefen kafaɗarsa.

"Daidai, Inna," ya ce. "Ci gaba."