Saƙon da Mai Raƙumi Ya Kawo wa Kakata

Jiya ƙanwata ta haihu a Sarkin Hausa, tun ba a yi wa jaririn wanka ba hotonsa ya shigo wayata. Sai na tuna da kakata.

Ina ƙarama ƙaninta ya yi ƙaura arewa, ya sari daji ya kafa tunga. Damina biyu ba labarinsa. Duk ranar kasuwar Kona takan dama fura mai yaji, ta ja hannuna mu je inda masu raƙuma ke sauke gishiri, tana tambayarsu ɗaya bayan ɗaya.

Wata rana wani Buzu ya ji sunan, ya ɗago kai.

"Inna, ke ce yayarsa? Ya ce in gaya maki rijiyar da ya gina ta yi ruwa, hatsi ya yi kyau, matarsa kuma ta sauka lafiya. Mace ce, sunanki aka sa mata."

Kakata ta zauna bisa rairayi mai zafi, ta ce, "Maimaita mani, ɗana, sannu a hankali."

Sau uku ya maimaita. Tana dariya tana share hawaye, ta miƙa masa ƙwaryar furar duka.

Allah ya sanyaya makwancinta, ya sada ta da ƙaninta a Aljanna.