Ranar da Babana Ya Amsa Ni a Gaban Alƙali

Ina ajin ƙarshe na firamare a Garwa direktan makarantarmu ya kira ni ofis, ya ce ba zan zauna jarrabawa ba, don ba ni da akta, takardar haihuwa. Babana bai taɓa yi mini rajista ba. Ya saki innata ina goye, ya koma Lagdo yana sarin bandar kifi, ya yi wani iyalin.

A meri, ofishin magajin gari, aka gaya wa Inna lokacin rajista ya wuce tuntuni, sai dai kotu. Kuma tunda aurensu na masallaci ne, ba a rubuta shi a hukuma ba, sunan uba ba zai hau takardar ba sai ya zo da kansa ya amsa ni.

Muka shiga mota zuwa Lagdo. Mun same shi a rumfarsa yana jera kifi a kwando. Na durƙusa na gaishe shi. Bai amsa ba, Inna ya duba.

"Me ya kawo ki?"

"Malam, takardar yarinyarka ce. Sa hannunka kawai muke nema."

"Da kika kwashe ta zuwa gidanku, kin nemi hannuna?"

"Kai ka kore mu."

"To, ki bar mini ita. 'Yata ce, ni ke da iko da ita."

Inna ta kama hannuna muka juyo. Jarrabawar shekarar nan ta wuce ni. Ina ƙofar gida na ga 'yan ajinmu suna tafiya da fensira a hannu, tun daga ranar na tsani Baba.

Kawuna, yayan Inna, shi ya shigar da ƙara. Sai a sammaci na uku Baba ya zo, cikin babbar riga, da nufin ya tafi da ni. Alƙali ya yi tambaya da Faransanci, tafinta ya mayar da Fillanci.

"Wannan 'yarka ce?"

"'Yata ce, kuma ina son abata."

"Ajinta nawa?"

Ya ce a tambayi Inna. Aka tambaye shi shekaruna, ya faɗi na ƙanwata ta Lagdo. Alƙali ya sa aka rubuta cewa ya amsa ni da bakinsa, ya bar ni a hannun Inna, ya ɗora masa cina da karatuna.

A bakin kotu Baba ya tsaya a gabana, karo na farko da ya yi mini magana.

"Kin kai ubanki ƙara. Kada ki taka ƙofata."

Ban taka ba. Shi ma ko mudun shinkafa bai taɓa aiko mana ba, Inna kuwa ta gaji da zirga-zirgar kotu ta ƙyale shi. Na zauna jarrabawa a shekara ta gaba, na ci.

Da ya tsufa aka kwantar da shi a asibiti nan Garwa, ya aiko a kira ni. Dangi suka taru a kaina, wai uba uba ne. Na dafa miyar kuka da tuwo, na kai har bakin ɗakin, na miƙa wa matarsa. Ina jin tarinsa daga ciki na juya na tafi aiki.